Agogo biyu na ƙaramin jirgi: abin da mallakarsa ke nufi a Legas

Mutumin Agege ba ya ɗaga kai don jirgi ya wuce. Yawancin jiragen da ke sauka a filin Murtala Muhammed ta arewa suke gangarowa, su bi ta saman rufin gidajen Iju da Agege kafin tayoyinsu su taɓa ƙasa a Ikeja, har kunne ya saba. Amma a majalisar 'yan canji, ko ta dillalan shanu na Oko-Oba, da zarar an ce wane ya sayi jirgi, to hira ta samu. Kowa tambaya ɗaya yake yi: nawa ya saya? A duk harkar babu tambaya mai sauƙin amsa kamarta, kuma amsarta ba ta nuna ko mutum zai iya riƙe jirgin shekara uku.

Sai an fara raba abu biyu. Jirgin da mutane ke hangowa idan an ce na Alhaji wane, jet ne irin su Gulfstream ko Bombardier, da matuƙa biyu a kan albashi da kamfanin da ke kula da shi. Wannan wata duniya ce daban. Wanda nake magana a kansa shi ne ƙaramin nan mai inji ɗaya da farfela a hanci, kujera huɗu, wanda mai shi ke tuƙa abinsa da kansa. Sarkinsu shi ne Cessna 172. An fara ƙera shi a Amurka a 1956, an yi fiye da 44,000, babu wani jirgi a tarihi da aka ƙera da yawa haka. Sabo ya haura dala 400,000, amma tsoho na shekarun 1970 ana samunsa a kuɗin da bai kai na wasu gidajen Lekki ba. Wannan arahar ce ke jawo mutane, su fara lissafi a bayan takardar rasit.

To me zai yi maka? Samfurin da ake yi yanzu yana da injin Lycoming mai silinda huɗu, ƙarfin doki 180. Yana gudun kusan kilomita 220 a awa, tankinsa na ɗaukar wajen lita 200, yana shan lita 30 zuwa 38 a awa. Daga Legas zuwa Abuja ta sama kilomita 500 ne da ɗoriya, wato awa biyu da rabi. Kano kuwa ta haura kilomita 800, kusan awa huɗu idan iska ba ta tare ka ba, alhali jirgin fasinja yana yi a awa ɗaya da rabi. Babu banɗaki a ciki, yawancinsu ba su da na'urar sanyaya wuri. Ga kuma maganar nauyi. Duk abin da jirgin zai iya ɗauka, da mai da mutane da kaya, bai wuce kilo 400 ba. Ka cika tanki, kilo 145 ya tafi. Saura 250 da 'yan kai: magidanta uku ke nan ba tare da jaka ba. Kujera ta huɗu tana nan, amma sai ka rage mai kafin wani ya zauna a kanta. Ɗan kasuwar da ke son ya yi asuba a Legas, ya yi azahar a Kantin Kwari, ya dawo da samfurin atamfa, tikiti ya fi masa sau goma. Ban ga amfanin ɓoye wannan ba.

Inda maganar take da nauyi shi ne kulawa. Mota sai ta yi ƙara ake kai ta gareji. Jirgi ana buɗe shi yana lafiya lau, saboda agogo biyu ne ke bin sa, kuma duk wanda ya riga cika shi ake bi.

Agogo na farko yana ƙirga awoyin tashi. Duk awa 50 ana juyen baƙin mai. Ba a jefar da tsohuwar matatar man haka nan: injiniya zai yanka gwangwaninta, ya zaro takardar ciki mai ninki-ninki, ya baza ta a ƙarƙashin fitila yana neman ƙyalƙyalin garin ƙarfe. Idan ya gani, wani abu na cinyewa a cikin injin, kuma an kama shi tun bai tsaya a sama ba. Duk awa 100 akwai babban dubawa, a cire murafu, a gwada matsin kowace silinda, a bi wayoyin da ke juya fukafukai da wutsiya ɗaya bayan ɗaya. Kowace silinda fulogi biyu gare ta, da na'urorin ba da wuta guda biyu da ba su dogara da batir ba, don in ɗaya ta mutu ɗaya ta riƙe injin. Su ma ana sauke su a duba a wajen awa 500. A awa 2,000 kamfanin Lycoming ya ce a yi wa injin garambawul gaba ɗaya, aikin da ke cin dubban daloli masu yawa, galibi kuma sai an tura injin waje.

Agogo na biyu kalanda ne, kuma shi ba ruwansa da ko jirgi ya tashi. Baƙin mai, ko ba a cika awa 50 ba, wata huɗu ya yi a juye shi. Dubawar shekara tana nan. Takardar shaidar lafiyar jirgi da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ke bayarwa tana da ranar ƙarewa, haka inshora, haka batirin na'urar da ke aika saƙon neman agaji idan jirgi ya faɗi. Robobi da tiyo suna tsufa a zaune. Garambawul ɗin nan ma sharaɗinsa awa 2,000 ne ko shekara 12. Ka raba ka gani: kafin mutum ya cinye awa 2,000 a shekara 12, sai yana tashi wajen awa 167 a shekara, fiye da awa uku kowane mako, ba fashi. Mai kasuwanci a Legas, da cunkoson hanya da tafiye-tafiye da azumi da bukukuwa, da wuya ya kai rabin haka. Ma'ana kalanda za ta cinye injin da bai more ba. Doki ne a turke: ko an yi hawa ko ba a yi ba, sai an ba shi dawa da harawa, kuma wanda ba a motsa shi shi ya fi saurin lalacewa.

A Legas lalacewar zama ta fi ta ko'ina sauri. Iskar garin jiƙe take da damshi, ga gishirin teku a cikinta. A injin Lycoming sandar kamshaf, wadda ke buɗe bawulolin inji tana rufe su, tana can sama, don haka idan jirgi ya kwana biyu a ajiye, man da ya lulluɓe ta yakan tsiyaye ƙasa ya bar ƙarfe tsirara. Damshi ya sauka, tsatsa ta kama, ranar da aka tayar da injin tsatsar ta zama abin gurza. Wasu sukan ce ai sai a riƙa ɗumama shi a ƙasa minti goma kowane mako. Wannan ƙara ta'azzara abin yake yi. Ƙonewar mai kanta tana haifar da tururi, kuma ɗumamawar ƙasa ba ta kai baƙin mai zafin da zai kori ruwan ba, sai ma ta ƙara masa. Abin da injin ke so shi ne a tashi da shi, man ya kai wajen digiri 80, a yi kamar awa guda, aƙalla sau ɗaya a wata. Jikin jirgin kuma alminiyon ne, ba ya yin jar tsatsa, nasa ciwon farin gari ne da ke kumburo fenti a gefen ƙusoshi da cikin fukafukai inda ido ba ya kaiwa. Maganinsa rumfa mai rufi, da wanki, da feshin man kariya. Wurin ajiya a rumfa a Ikeja kuwa da masu jet ake gogayya a kansa.

Akwai wani ƙaramin maƙiyi da duk wanda ya tashi a ƙauye ya sani: zanzaro. A ƙarƙashin fiffiken hagu na Cessna akwai wani siririn bututu mai kallon gaba, iskar da ke shiga cikinsa ce ke gaya wa matuƙi gudun jirgi. Zanzaro na son irin wannan rami, kuma cikin ɗan lokaci zai toshe shi da laka. Shi ya sa za ka ga jirgin da ke ajiye da marufi mai jan kyalle a bakin bututun. Kada a raina wannan. A Fabrairun 1996 wani Boeing 757 na kamfanin Birgenair ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu. Masu bincike sun gano bututun gudun ɗaya a toshe yake, kuma zarginsu ya fi ƙarfi a kan gidan irin wannan ƙwaro, don jirgin ya yi makonni a ajiye.

Sai mai. Nan ne da yawa ke faɗuwa tun ba su fara ba. Man jirgi da ake samu a kowane babban fili a Najeriya shi ne Jet A-1, wanda asalinsa kananzir ne da aka tace sosai, matatar Dangote da ke Lekki ma tana fitar da shi. Injin fistin irin na Cessna 172 ba ya shan wannan. Fetur na musamman yake sha, ana ce masa afgas, mai lamba 100LL, da ɗan sinadarin dalma a ciki, an rina shi shuɗi don kada a rikita. A Afirka ta Yamma wahalarsa ake yi, shigo da shi ake yi a durom, da tsada, kuma ba kowane fili ke da shi ba. Idan ka sauka a inda babu, jirginka ya zauna sai an kawo maka ta mota. Wannan matsala na cikin dalilan da suka sa Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta koma sayen jiragen Diamond DA40 da DA42 'yan ƙasar Ostiriya, masu inji irin na dizal da ke shan Jet A-1. A ganina duk mai neman ƙaramin jirgi a ƙasar nan ya fara da tambayar wane mai yake sha kafin ya tambayi launinsa ko shekarunsa.

Man da ya kwana a durom ko a tankin da bai cika ba yana tara ruwa, musamman da damina. Don haka kafin kowane tashi matuƙi yakan zagaya jirgin da wani ɗan kofi mai haske a hannu, ya danna shi a ƙasan fiffike, mai ya tsiyayo. Sai ya ɗaga kofin sama ya kalla. Shuɗi tas ake so a gani. In akwai ruwa, za ka gan shi ya taru a gindin kofin, ɗigo ɗaya ko biyu masu sheƙi, don ya fi mai nauyi. A ci gaba da tsiyayewa har ya ƙare. Aikin minti biyu ne, amma ruwan da ya kai inji lokacin tashi, a saman rufin gidajen Mafoluku, babu inda za a faka a duba.

Takardu kuma ba su da daɗin ji, amma ga su a taƙaice. Jirgin Najeriya lambarsa da 5N take farawa, NCAA ce ke yi masa rajista, ita ke ba injiniyoyi lasisi da amincewa da kamfanonin gyara. Makanikin unguwa, komai ƙwarewarsa, ba shi da ikon sa hannu a aikin jirgi, kuma kowane kayan gyara sai da takardar asalinsa. FAAN, hukumar filayen jiragen sama, na karɓar kuɗin sauka da ajiya, hukumar NAMA ke da hanyoyin sama da hasumiyar da ke ba jirage umarni, ita ake ba tsarin tafiya, NiMet ke ba da hasashen yanayi. Kwastam na jiran harajin shigo da kaya. A 2021 da kuma 2024 ta kira masu jiragen kansu su kawo takardu a tantance, saboda da yawa suna ɗauke da rajistar waje. Sai takardar izinin tashi ba don kasuwanci ba, wadda ake kira PNCF. Sunanta ya faɗi iyakarta. Tunanin da ke zuwa wa ɗan kasuwa nan take, cewa idan ba na amfani da shi sai in ba da shi haya ya ciyar da kansa, doka ta toshe shi. Ɗaukar fasinja don kuɗi yana bukatar lasisin kamfanin sufuri, mai sharuɗɗa daban. A 2024 NCAA ta dakatar da izinin wasu masu jirage a kan haya ta bayan fage, ministan sufurin sama Festus Keyamo kuma ya kafa kwamiti a kan lamarin. Inshora ma za ta iya zame jiki idan haɗari ya faru ana cikin irin wannan hayar.

Kusan duk abin da na lissafa da dala ake biya: kayan gyara, inji, afgas, wani ɓangare na inshora. Wanda ya yi kasafinsa a farkon 2023 lokacin da dala ke wajen naira 460 a hukumance, ya wayi gari a 2024 ta haura 1,500. 'Yan canjin Ikeja ba sai an yi musu bayanin wannan ba.

Shi kansa matuƙin, agogo biyun nan na bin sa. Lasisin tuƙin kai, a ƙa'idar duniya, yana bukatar aƙalla awa 40 na koyo, 10 daga ciki kai kaɗai a jirgi, har da tafiya mai nisan kilomita 270 da sauka a filaye biyu. Yawancin ɗalibai sukan wuce awa 40 ɗin kafin su shirya. Akwai jarrabawar rubutu, da gwajin likita da ake sabuntawa, da Turancin magana da hasumiya. A Zariya ake koyo ko Ilorin, wasu su tafi Afirka ta Kudu ko Amurka. Bayan an samu lasisi, ba ka da ikon ɗaukar kowa sai ka yi tashi da sauka uku a cikin kwana 90 da suka wuce. Hannu na mantawa. Kuma Ikeja ba wurin mai mantuwa ba ne: kai kana gangarowa da gudun kilomita 120 a awa, Boeing na bayanka da fiye da ninki biyu na haka, wanda ke gabanka kuma ya bar wata murɗaɗɗiyar iska da za ta iya kifar da ƙaramin jirgi idan ba a ba da tazarar minti biyu ko uku ba.

Lasisin farko na tuƙi da ido ne, wato kana ganin ƙasa da sararin sama, kana iya hangen aƙalla kilomita 5. Yanzu ka ɗora wannan a kan shekarar Najeriya. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo ne, a Kano wani lokaci ko kilomita ɗaya ba a gani, manyan jirage ma sai su fasa sauka, kuma hazon na isowa har Legas. Farkon damina da ƙarshenta lokacin hadari ne mai tsawa da ke tasowa daga gabas a jere, wanda babu ƙaramin jirgin da ke ratsa shi ko ya haye samansa. Tsakiyar damina Legas gajimare ne ƙasa-ƙasa. Filaye da dama kuma da faɗuwar rana suke rufewa. Zafi da tudu ma suna rage ƙarfin inji, kusan kashi 3 cikin 100 a kowace ƙafa 1,000. Jirgin da ya tashi da sauƙi a Ikeja da safe zai ci titi mai tsawo a Jos, mai tsayin fiye da ƙafa 4,000, da rana tsaka. Wanda ke son jirginsa ya yi masa aiki a yawancin kwanakin shekara sai ya ƙara wani horon na tuƙi da na'urori kawai, ƙarin awa 40 ke nan. Dalili shi ne idan ido ya rasa layin da ya raba sama da ƙasa, kunnen ciki na yaudarar mutum, ya ji jirgi a miƙe alhali ya karkata.

Mutanen Arewa ba su manta da 25 ga Oktoban 2012 ba, ranar da gwamnan Taraba Danbaba Suntai ya faɗi kusa da Yola da Cessna 208 da yake tuƙawa da kansa daga Jalingo. Ya yi jinya har ya rasu a 2017, Allah Ya ba iyalansa haƙuri. Cikin abubuwan da rahoton hukumar binciken haɗurran jirage ya ambata akwai rashin cancantar tuƙa wannan samfurin, da tafiya da ido bayan rana ta faɗi. Abin da na ɗauka a nan shi ne matsayin mai jirgi idan babban mutum ne: babu wanda zai iya ce masa yallaɓai, yau ba za a tashi ba. A kamfani akwai mai faɗin haka. A jirgin kai, mai kuɗin da mai gaggawar da mai yanke hukuncin mutum ɗaya ne.

Lissafin ƙarshe kowa zai iya yi. A ɗauka, don misali kawai, kuɗaɗen da kalanda ke ci a shekara, da rumfa da inshora da dubawa da takardu, sun kama dala 20,000. Mai tashi awa 200 kowace awa ta zo masa a dala 100 kafin a sa mai. Mai tashi awa 40 ta zo masa a 500, ga tsatsa kyauta. Shi ya sa a ƙasashen da harkar ta zauna da gindinta za ka tarar mutum uku ko huɗu sun haɗa kuɗi a jirgi ɗaya. Nauyin ya rabu, jirgin kuma yana motsi. Mu ma ba baƙin haɗin gwiwa ba ne, ana haɗa hannu a sayi tirela ko a yi lodin shanu daga Maigatari zuwa Legas. Sharaɗin kawai a rubuta komai tun ana dariya: kowace awa da mutum ya tashi zai zuba wani abu a asusun garambawul, wa ke da jirgin ranar jajibirin Sallah, wa zai biya idan farfela ta daki ƙasa a hannun ɗaya, tunda irin wannan na tilasta a buɗe injin a duba ko da yana aiki lafiya.

Idan kuma an kai ga saye, injiniyan da za a ɗauka ya duba kada ya zama na mai sayarwa. Na kirki, kafin ya taɓa jirgin, abin da zai ce shi ne: “Ranka ya daɗe, a fara ba ni littattafansa.” Uku ne, na jiki da na inji da na farfela, kowane aiki da aka taɓa yi tun daga masana'anta yana ciki da kwanan wata da sa hannu da lambar lasisin wanda ya yi. Zai duba ko an cika umarnin gyara na dole da hukumomi ke fitarwa lokaci-lokaci, ya kuma nemi giɓi. Jirgin da littafinsa ya nuna awa 600 kacal a inji yana da daɗin ji, sai ka duba ka ga garambawul ɗin shekara 15 ke nan da yi, kuma shekara huɗu a jere babu ko layi ɗaya da aka rubuta. Wannan injin, a lissafin mai saye, ya riga ya ƙare, kuma kuɗin sabonsa ne za a cire daga farashi kafin a fara ciniki.